Nafliyo, ɗan garin bakin teku a Girka: tambayoyin da ake ta yi min tun da na dawo

Tun da na dawo daga Girka duk wanda muka haɗu sai ya ce in ba shi labari, kuma kusan tambayoyin iri ɗaya ne, biza da abinci da sallah da kuɗi, shi ya sa na ce bari in zauna in haɗa su wuri guda. Garin da zan yi magana a kai sunansa Nafliyo, a allon hanya da tikitin mota za ka ga an rubuta Nafplio. Can na fi daɗewa kuma can ne ya fi kwanta min a rai.

Wai ina ne Nafliyon nan, kuma me ya sa ba Santorini ba da kowa ke zuwa?

Yana yankin Peloponis ne, kudu maso yammacin Atens, tafiyar kilomita 140 ko kusa da haka, kuma ba tsibiri ba ne, da mota za ka je har cikin gari ba ruwanka da jirgin ruwa. Wannan kaɗai ya isa dalili ga irinmu da ba mu saba da teku ba. Santorini da Mikonos suna da kyau a hoto ban musa ba, amma tsada da cunkoso sun yi yawa, kuma yawancin wanda za ka gani baƙo ne irinka. Nafliyo kuwa gari ne da mutane ke rayuwarsu, akwai 'yan makaranta da tsofaffi masu zaman hira da masu kamun kifi, mutanen garin ba su kai dubu 20 ba, amma ka san wannan ɗan garin shi ne babban birnin Girka na farko bayan sun ƙwaci kansu daga Daular Usmaniyya, sai a 1834 aka mayar da fadar mulki Atens.

Bizar fa? Ita ce babbar damuwata

Ta kowa ce ɗan uwa. Girka tana cikin ƙasashen Shengen, don haka bizar Shengen ta ɗan gajeren zama za ka nema, wadda ba ta wuce kwana 90 cikin kwana 180. Kuɗinta Yuro 90 ne ga babba tun watan Yunin 2024, ban da abin da cibiyar karɓar takardu za ta caje ka. Za su nemi fasfo mai sauran aƙalla wata 3 bayan ranar da za ka fito, da inshorar lafiya ta tafiya da ta kai Yuro 30,000, da shaidar masauki da tikitin dawowa da bayanan asusun banki, sai kuma abin da ke nuna kana da abin da zai dawo da kai gida, aiki ko kasuwanci ko iyali. Girka na da ofishin jakadanci a Abuja. Mutanenmu na Nijar da Kamaru da Gana su fara bincika wane ofishi ne ke karɓar takardun Girka a ƙasarsu kafin su kashe ko sisi.

Shawarata guda ɗaya wadda nake maimaita wa kowa, kar ka bari wani ɗan kanzagi ya haɗa maka takardun bogi ko ya zuba maka kuɗin aro a asusu ana gobe za ka kai takardu, suna ganewa, kuma in suka hana ka a kan ƙarya abin zai bi ka zuwa sauran ƙasashen. Ana iya nema tun wata 6 kafin tafiya, to ka nema da wuri.

Ta ina zan bi in isa?

Ka sauka Atens tukuna, yawancin mutanenmu ta Istanbul ko Alƙahira ko Adis Ababa ko Doha suke ratsawa. Daga filin jirgin Atens akwai bas mai lamba X93 da ke kai mutum tashar Kifisos, nan ne tashar motocin KTEL masu zuwa Peloponis, ka yanki tikitin Nafliyo, awa 2 da ɗan wani abu kun isa. Ka yi ƙoƙari ka zauna ta taga don a hanya za ku haye mashigin ruwan Korint da aka gama haƙawa a 1893, dutse ne aka tsaga shi tsaye kamar an sa wuƙa, ruwa can ƙasa shuɗi, amma cikin ƙiftawar ido mota ta wuce, in kana danna waya ka yi asara. Bayan nan kuma sai gonakin lemo da zaitun har ku shiga gari.

In hayar mota za ka ɗauka, hannun dama suke bi kamar mu, sai dai cikin tsohon gari lunguna ne matsattsu wasu ma matakala ce, a babban filin ajiye motoci na bakin tashar ruwa ake barin mota a shiga da ƙafa.

Kwana nawa ya kamata in yi?

Masu kamfanin yawon buɗe ido suna kawo mutane daga Atens su sauke su awa 2 su ci abinci su kwashe su, wallahi wannan ba zuwa ba ne. Ka yi kwana 3 aƙalla. Daɗin garin yana fitowa ne da sassafe kafin motocin baƙi su iso, da kuma bayan la'asar sakaliya lokacin da kowa ke fitowa tattaki bakin ruwa, tsoho da tsohuwarsa riƙe da hannu, yara na gudu a dandalin Sintagma da aka shimfiɗe da farin dutse, ba mai sauri ba mai hon. Wanda bai kwana ba ba zai ga wannan ba.

Wane lokaci ya fi?

Afrilu zuwa farkon Yuni, ko Satumba da Oktoba. A bazararsu lemo ke fure, ƙamshin har cikin mota yake shigowa. Yuli da Agusta akwai zafi na gaske, wani lokacin ya taɓa 40, kar ka ce ai ni ɗan Sakkwato ne ko ɗan Maiduguri, a gida inuwa kake nema da rana, can kuwa dutse za ka hau, ga masauki ya yi tsada. Ƙarshen mako da lokacin Istan Kiristocin Otodoks mutanen Atens ne ke cika garin, in ba ka kama ɗaki da wuri ba sai ka rasa. Da hunturu kuma akwai ruwan sama da sanyi, amma garin ba ya mutuwa kamar tsibirai.

Me zan kalla a cikin garin?

Abu uku ne ba a tsallakewa, kuma dukkansu ganuwa ce. Na farko Palamidi, ƙatuwar ganuwa a kan dutse mai tsawon mita 216 da ke leƙen garin, mutanen Benis na Italiya ne suka gina ta tsakanin 1711 da 1714, abin mamaki shekara ɗaya da gamawa Turkawa suka ƙwace ta a 1715, ta zauna hannunsu har daren da Girkawa ƙarƙashin Staikos Staikopulos suka haura ta a ƙarshen Nuwamban 1822. Mutanen gari za su ce maka matakala 999 ce, masu ƙirgawa kuma sun ce ba ta kai ba, ko ma dai nawa ce sai gwiwa ta gaya maka. Ni da sanyin safiya na hau da gorar ruwa, ina yi ina hutawa, kuma duk inda ka tsaya ka waiwaya sai ka ga jajayen rufin gidaje da teku sun ƙara buɗewa. Mai ciwon gwiwa ko hawan jini ko mai tafiya da dattijo ya ɗauki tasi, akwai titi ta baya har ƙofa. A ciki akwai wani ɗan kurkuku mai duhu da sai ka sunkuya za ka shiga, wanda ake nuna wa baƙi a matsayin inda aka tsare Kolokotronis, babban jarumin yaƙin 'yancinsu, kuma gwamnatin ƙasar da ya yi wa yaƙi ce ta ɗaure shi. Na daɗe tsaye a wurin, abin ya taɓa ni.

Na biyu Burzi, 'yar ganuwa a tsakiyar ruwa da ake gani a duk hoton garin, ita ma 'yan Benis suka gina a 1473, ƙaramin kwale-kwale ke kai mutane cikin 'yan mintuna. Ta taɓa zama gidan masu zartar da hukuncin kisa saboda ba wanda ke son maƙwabtaka da su a gari, daga baya kuma ta zama otal. Na uku Akronafliya, tsohuwar ganuwar da ke saman tsohon gari, ita kyauta ce kuma ba wahalar hawa sosai.

Sai cocin Ayos Spiridon, ƙarama ce cikin lungu za ka iya wuce ta ba ka sani ba, a ƙofarta aka kashe Kapodistriyas shugaban Girka na farko a 1831, mutum biyu 'yan gidan Mabromihalis suka kashe shi, har yau akwai gurbin harsashi a bango an rufe da gilashi. Gidan tarihin da ke dandalin Sintagma shi ma ka shiga ko don sulken tagulla da aka tono a ƙauyen Dendra, wanda ya haura shekara 3,000.

An ce akwai masallatai a garin, da gaske ne?

Gine-ginen suna nan, amma ba a sallah a cikinsu, gara in faɗa maka tun yanzu. Turkawa sun riƙe garin daga 1540 zuwa 1686, sannan daga 1715 zuwa 1822, to dole su bar alama. A dandalin Sintagma akwai tsohon masallaci mai ƙubba da ake kira Triyanon, ya yi zaman makaranta ya yi zaman gidan sinima, yanzu taruka ake yi a ciki. A ɗaya ɓangaren akwai Buleftiko, shi ma masallaci ne asalinsa, a cikinsa majalisar dokokin Girka ta zauna a 1825. In kana yawo cikin lungunan kuma za ka riƙa cin karo da tsofaffin famfunan dutse na zamanin Turkawa, wasu da rubutu da haruffan Larabci a jiki.

Ba zan ɓoye ba, Musulmi in ya tsaya gaban ƙubbar nan sai ya ji wani iri a zuciya. Amma ka tuna su a wurinsu wancan zamanin mulkin mallaka ne da kakanninsu suka zubar da jini kafin su fita, saboda haka ba wurin jan musu ba ne, ka kalla ka yi tunaninka ka wuce.

To sallah fa, ya zan yi?

A ɗakinka za ka yi, ka tafi da 'yar darduma mai naɗewa. Kar ka manta alƙibla can ba gabas ba ce kamar gida, kudu maso gabas take, ka duba da manhajar waya. Lokuta ma sun bambanta, a tsakiyar lokacin zafi rana ba ta faɗuwa sai kusan ƙarfe 9 na dare, isha'i ta yi nisa asuba ta yi kusa, mai niyyar zuwa da azumi ya lissafa wannan. Agogonsu yana gaban na Najeriya da Nijar da awa 1 lokacin sanyi, awa 2 lokacin zafi. Juma'a sai dai Atens, akwai masallacin hukuma a unguwar Botanikos da aka buɗe a 2020. Buta kuwa ba za ka samu a banɗaki ba, ka ajiye gorar ruwa ɗaya don wannan, kuma a wurare da yawa za ka ga ɗan kwando kusa da masai, nan ake jefa takarda saboda bututunsu sirara ne.

Abinci fa? Ina tsoron alade

Tsoronka na kan hanya, don tsirensu da ake kira sublaki da kuma giros mai kama da shawarma, in ba ka yi magana ba yawanci alade ne. Ka haddace kalmomin nan: hirino alade, kotopulo kaza, arni rago, moshari naman sa, psari kifi. Ko kazar ka zaɓa sau da yawa gashi ɗaya ake musu, kuma yankan ba namu ba ne, don haka ni kifi na riƙe da kayan lambu ban kuma ji yunwa ba ko sau ɗaya. Garin bakin teku ne ai, gasasshen kifi da man zaitun da lemon tsami, sai dai manyan kifaye da kilo ake sayarwa, ka sa a auna a faɗa maka kuɗin kafin a ɗora a wuta. Ƙananan kifaye irin sadin sun fi araha nesa ba kusa ba.

Akwai kalma ɗaya da za ta cece ka, nistisimo, wato abincin azumin Kiristocinsu wanda ba nama ba madara, kowane mai gidan abinci ya san ta. Za ka sha mamakin yadda wasu girke-girken suka yi kama da na gida, suna dafa kuɓewa da tumatir suna ce mata bamiyes, suna cin wake mai baƙin ido irin namu, akwai gigantes manyan wake da aka gasa cikin miyar tumatir, akwai lukumades kamar fanke da aka tsoma a zuma, sai pasteli wanda kantun riɗi ne sak sai dai da zuma ake haɗa shi. Ka riƙa tambaya ko an sa giya a miya, krasi suke ce mata. Wani lokacin bayan ka gama ci za su kawo ɗan ƙaramin kofi kyauta, in ruwa ne fari mai ƙamshi to barasa ce, ka dafa ƙirji ka ce efharisto, ba mai jin haushi.

Zan iya tafiya da kilishi da dambun nama?

A'a hajiya, kar ma a fara. Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama da madara da duk abin da aka yi da su daga waje, kilishi da dambu da man shanu duk suna ciki, za a ƙwace kuma ana iya cin tara. Abincinsu ba yaji, wannan kam sai haƙuri.

Yaya suke da baƙar fata, da mace mai hijabi?

Abin da na gani da idona shi zan faɗa. Ana kallo, musamman tsofaffi, amma gari ne da ya saba da baƙi, kuma da ka ce kalimera da safe ko kalispera da yamma sai fuska ta sake. Da na ce daga Najeriya nake, sau da yawa sunan da ke biyo baya shi ne Yanis Adetokunbo, ɗan ƙwallon kwandon nan da aka haifa a Atens a 1994 iyayensa 'yan Najeriya, suna ji da shi ƙwarai. Mai hijabi ba dokar da ta hana ta, kuma a coci ma suturar kirki suke so. Sai dai ka riƙa yawo da fasfonka ko kwafinsa, Girka ƙofa ce ta masu shiga Turai ta ruwa, 'yan sanda na iya tambayar takarda musamman a tashoshin Atens. Lambar gaggawa 112.

Akwai abin da zan kiyaye kar in yi abin kunya?

Babba shi ne daƙuwa. Yadda muke ware yatsu biyar mu watsa wa mutum a fuska, su ma haka ne a wurinsu, muza suke ce mata kuma zagi ne mai zafi, to in za ka nuna biyar ko ka tsayar da mota ka juyo da tafin hannu wajenka. Sai kalmar ne, da ka ji kamar a'a ce amma eh take nufi, a'a kuwa ohi, wani ma ba zai furta ba sai ya ɗaga gira ya ɗan ɗaga kai sama ya yi ɗan tsaki, ba raini ba ne, a'a yake cewa. Daga wajen ƙarfe 3 zuwa 5 da rabi na rana lokacin hutu ne, ƙananan shaguna na rufewa kuma ba a son hayaniya, mu da muke waya da ƙarfi sai a kula. Abincin dare kuma sai 9 suke fara zama. Ba a ciniki a shago irin na Kantin Kwari, abin da aka rubuta shi ne.

Zan iya shiga ruwa ko ban iya iyo ba?

Arbanitiya ita ce mafi kusa, bayan dutsen Akronafliya, amma tsakuwa ce kuma akwai wasu halittu masu ƙaya a jikin duwatsu, sai da takalmin roba. Wanda bai iya ruwa ba da masu yara su tafi Karatona ko Tolo, yashi ne kuma bakin ruwan ba zurfi. Ka sani shigar bakin ruwa irin ta Turai ce, in abin zai dame ka ka je da sassafe, ko ka bi hanyar ƙafa da ta zagaye dutsen ta bakin teku in a buɗe take, don wani lokacin ana rufe ta saboda faɗowar duwatsu.

Akwai wuraren zuwa a kusa?

Sosai ma, shi ya sa na ce kwana 3. Tirins na nan bakin gari, katanga ce ta duwatsu manya-manya da za ka rasa yadda aka ɗaga su. Maisini, kangon wani tsohon birni, wajen rabin awa a mota, can ne ƙofar zakuna da aka gina kusan shekara 1,250 kafin haihuwar Annabi Isa. Epidabros ma kamar haka nisanta, filin wasan kwaikwayo ne na dutse mai ɗaukar mutum wajen 14,000, wani ya tsaya tsakiya ya yi magana ba lasifika kana can sama kana jin sa, har yanzu ana wasa a ciki lokacin zafi. In ɗaya kawai za ka iya, ni Epidabros zan ce.

Kuɗi fa, da wutar caji?

Yuro suke kashewa, ka canza tun daga gida ka riƙe tsaba a hannu, kar ka dogara da katin Naira sai ka tabbatar da bankinka. In tsabar ta kai Yuro 10,000 dole ka bayyana a filin jirgi. Ƙananan masaukai na iyali a tsohon gari sun fi daɗi, amma ka tambaya ko akwai matakala kafin ka biya in kana da manyan akwatuna, kuma akwai ɗan harajin kwana da ake biya daban a masauki. Soket ɗinsu mai rami biyu ne zagayayyu, sai ka sayi adafta. In zazzaɓi ya kama ka can ka gaya wa likita daga inda ka fito don ya duba maleriya, ba ita ce ke fara zuwa musu a rai ba.

Wace tsaraba zan kawo?

Man zaitun da zuma da pasteli, ranar Laraba da Asabar akwai kasuwar manoma da safe inda za ka same su da sauƙi fiye da shagunan baƙi, sai ka sa su a babban akwati ba jakar hannu ba. Amma abin da ya fi jan hankalina shi ne komboloi. Za ka ga dattijo zaune a gidan shayi yana jan wani abu kamar carbi yana kaɗa shi, na ɗauka zikiri yake, ashe su ba ibada suke da shi ba, na rage tunani ne da ɗebe kewa, duwatsun ma ba a matse suke ba don su riƙa ƙara. A titin Staikopulu akwai ɗan gidan tarihi na carbi kaɗai da aka buɗe a 1998, sama an jera na Musulmi da na Kirista da na Hindu da na Buda, ƙasa kuma shago ne da ake haɗawa ana sayarwa. In za ka saya wa Baba ko Malam don tasbihi to ka ƙirga da kyau, nasu ba lallai ya zo 33 ba, ka ce a haɗa maka mai 33 ka zaɓi duwatsun da kanka.